Mai binciken da ba a yarda da idonsa ba: sharhi kan labaran kisa masu tauraro mai larurar ƙwaƙwalwa

Mace ce a wani gida a birnin New York, wata 10 rabonta da taka ƙofar waje saboda tsananin tsoron fita. Wani dare tana leƙen gidan da ke tsallake sai ta ga an caka wa maƙwabciyarta wuƙa. 'Yan sanda suka zo suka tarar da kwalaben giya da tarin magunguna, aka kuma gabatar musu da wata mata da ranta da lafiyarta aka ce ai ita ce matar gidan. Daga nan babu wanda ya sake bi ta kan maganarta, har ita kanta ta fara tunanin ko idonta ne ya yi mata gizo. Wannan shi ne ƙashin bayan littafin The Woman in the Window na A. J. Finn, wanda ya fito a 2018, aka mayar da shi fim a 2021.

Irin wannan zubi ya yawaita a Amurka da Birtaniya har ta kai a 2022 Netflix ta fitar da wani shiri mai dogon suna don kawai ta yi masa shaguɓe. Duk da haka masu karatu da masu kallo kan tashi da ruɗani iri biyu. Wasu na ganin marubucin ya yi musu wala-wala, tunda wanda ya riƙe musu fitila tun farko ashe bai san hanya ba. Wasu kuma tambayarsu ita ce ko da gaske haka ciwon yake. Tambayoyin biyu a haɗe suke, kuma ba za a iya warware su ba sai an tona ƙarshen wasu labarai, don haka wanda bai karanta ba ya sani.

## Kalmomin da ake cakuɗawa

Mai bincike ɗan sa-kai shi ne wanda bincike ba aikinsa ba ne. Ba shi da takardar izinin shiga gida, ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, ba zai iya tsare kowa ya yi masa tambayoyi ba. Jarinsa ido da kunne da tunawa, sai kuma yardar mutane su saurare shi. Tsohuwar nan Miss Marple ta Agatha Christie ita ce sanannen misali. To idan aka ɗora wa irin wannan mutum larurar da ke taɓa gani ko tunawa, an taɓa jarin gaba ɗaya, har da yardar mutanen. Shi ya sa salon ya fi kama ɗan sa-kai fiye da ɗan sanda, wanda ko ya rikice akwai fayil da abokan aiki a bayansa.

Mai ba da labari marar tabbas kuwa laƙabi ne da manazarcin adabi Wayne C. Booth ya fito da shi a 1961, ga muryar da ke ba da labari amma littafin da kansa yana nuna kada a ɗauki maganarta dukka. Manazartan da suka biyo bayansa, irin su James Phelan, sun rarrabe wurin da kuskuren ke shiga: ko a faɗin abin da ya faru, ko a fassara shi, ko a yanke hukunci a kansa.

Wanda ya yi karatun musɗalahul hadisi ya riga ya san ma'aunin da ya fi dacewa a nan, a matsayin misali kawai. Malamai kan duba abu biyu ga maruwaici: adalcinsa da kuma kiyayewarsa. Akwai maƙaryaci, akwai kuma mutumin kirki wanda hardarsa ta rikice a ƙarshen rayuwa. Na biyun ba a zubar da shi, sai a bambance abin da ya ruwaito kafin rikicewar da na bayanta, a kuma nemi wata hanyar da za ta ƙarfafa maganarsa. Tauraron labaran da ake magana a kansu yana rukuni na biyu. Bai yi niyyar yaudarar kowa ba, kiyayewarsa ce ta samu tangarɗa, kuma aikin mai karatu shi ne tace riwayar.

Kalma ta uku ita ce ta fi faɗi. Larurar ƙwaƙwalwa ta haɗa ciwon damuwa, fargaba, waswasi, ciwon jiye-jiye da gane-gane, jarabar shaye-shaye da sauransu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 na ɗauke da wani nau'i nata, kimanin mutum miliyan 970. Masu sayar da littattafai kan jefa gigin tsufa da otizim da ciwon Tourette, mai sa motsi ko furuci ba da son mutum ba, duk a kwando ɗaya da waɗannan, alhali otizim yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne tun yarinta. Yaron da ke binciken kisan kare a littafin Mark Haddon na 2003, wanda ake ɗauka yana da otizim, ba ya ƙarya, ba ya gane-gane, fuskokin mutane da manufarsu ne ke ba shi wahalar karantawa.

## Inda aka faro

Marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya dasa rassan salon biyu, wato labarin bincike da mai ba da labari marar tabbas, cikin shekara biyu. A 1841 ya fitar da labarin da ake ɗauka a matsayin na farko a binciken laifi na zamani, da mai bincike mai kaifin basira. A 1843 ya fitar da wani gajeren labari wanda mai ba da shi ke ta nanata cewa lafiyarsa ƙalau, alhali kowace jimla na tona shi. An daɗe rassan ba su haɗu ba, domin labarin bincike ya ginu ne a kan cewa akwai kai ɗaya a cikin littafin da ba ya kuskure.

A 1926 Christie ta girgiza wannan yarda da The Murder of Roger Ackroyd, inda likitan da ke ba da labarin, mai taya jami'in bincike aiki, shi ne ya yi kisan. Bai faɗi ƙarya kai tsaye ba, tsallake 'yan mintuna kawai ya yi. A 1929 wani limamin Katolika kuma marubuci, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji 10 na wasan gaskiya tsakanin marubuci da mai karatu. Daga ciki: kada mai laifi ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga tunaninsa, kada mai binciken ya zama shi ne ya aikata, dole ya bayyana duk alamar da ya tsinta, kuma babu ruwan labarin da ƙarfin gaibu. Duk littafin da ke da tauraro mai rikicewa yana tafiya ne a kan iyakar waɗannan ƙa'idoji.

Ɗaya jijiyar ta fito daga wasan kwaikwayon Patrick Hamilton na 1938, Gas Light, inda miji ke kitsa abubuwa a gida yana musanta su har matar ta fara zargin hankalinta. Daga sunan wasan Turawa suka samo kalmar da suke kiran wannan mugunta da ita, wato gaslighting, wadda ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓa kalmar shekarar 2022.

Ambaliyar irin waɗannan littattafai ta zo tsakanin 2011 da 2018. Akwai dalilin kasuwa, domin nasarar littafin Gone Girl na Gillian Flynn a 2012 ta sa kamfanonin ɗab'i neman duk labarin da muryarsa ke da ayar tambaya. Akwai kuma dalilin sana'a. Kyamarorin tsaro da gwajin ƙwayar halitta da bayanan waya sun kashe rabin tsofaffin dabarun ɓad da sawu. Wurin da ya rage babu kyamara shi ne cikin kan mutum, sai marubuta suka kwashe duhun suka kai can.

## Kowace larura da irin kuskurenta

Nan ne littafin kirki ke rabuwa da na jeka-na-yi-ka. Ciwo ba ya rikita komai da komai. Kowanne yana da ɓangaren da yake ci da wanda yake bari, kuma wannan iyaka ita ce ke ba mai karatu abin auna magana.

Gigin tsufa irin na Alzheimer yakan fara cinye sabon tunawa ya bar tsoho, abin da masani Théodule Ribot ya bayyana tun 1881. Emma Healey ta gina Elizabeth Is Missing na 2014 a kan wannan. Tsohuwar cikinsa, Maud, tana manta ta sha shayi, tana ta sayo gwangwanin 'ya'yan itace alhali kabad cike yake, aljihunta fal da 'yan takardun da ta rubuta wa kanta. Ta dage ƙawarta ta ɓata. Ƙawar ashe tana asibiti. Amma ɓatan yayarta a 1946 yana nan daram a kanta, kuma can ne laifin gaske yake. Mai karatu na gane wa kansa cewa babin yau abin tuhuma ne, babin da can abin dogaro ne. Ƙa'idar a fili take tun shafukan farko, shi ya sa babu wanda ke jin an cuce shi.

Ɗaukewar tunawa saboda giya wani abu ne daban. Mutum na tafiya yana magana, amma sashen ƙwaƙwalwar da ke adana sabon abu ya daina ɗauka. Iri biyu ne. Akwai mai gutsattsari, wanda wari ko wuri ko wata kalma ka iya dawo da ɓangarensa. Akwai kuma cikakke, wanda babu abin da zai dawo domin tun asali ba a ɗauka ba. Marubucin da ya nuna daren ya shafe ƙaf, sannan a babin ƙarshe ya dawo da shi tar kamar bidiyo, ya saɓa wa yadda abin yake. A The Girl on the Train na Paula Hawkins, na 2015, abin da ya ba labarin ƙarfi shi ne tsohon mijin Rachel, tauraruwar labarin mai shan giya, ne ke cike mata giɓin da ƙarya, yana gaya mata ta aikata abin da ba ta aikata ba. Akwai kuma yanayin da mai daɗewa a shan giya ke shiga saboda ƙarancin bitamin B1, ciwon Korsakoff, inda ƙwaƙwalwa ke ƙirƙiro abin cike giɓi mutumin kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ciwon sikizofireniya, wanda ke damun kimanin mutum 1 cikin 300 a duniya, ya fi zuwa da jin muryoyi fiye da ganin mutane. Fina-finai na son aboki na gaibu mai riga da hula saboda kyamara na buƙatar abin ɗauka, amma wannan ba shi ne aka fi gani a asibiti ba. Ganin mutane ko dabbobi ƙarara ya fi alaƙa da wani nau'in gigin tsufa mai suna Lewy, ko da ruɗewar zazzaɓi da janye giya. Kuma ciwon ba ya nufin mutum biyu a jiki ɗaya, kuskuren da ya ƙi mutuwa a bakin jama'a. Abin da ya fi amfani ga labarin bincike a wannan ciwo shi ne yadda komai ke zama saƙo: lambar mota, kalar rigar mai wucewa, tarin da wani ya yi a layi. Mai bincike ma aikinsa ke nan, haɗa abubuwan da wasu ke ganin ba su da haɗi. Bambancin yana ga ko haɗin zai jure gwaji.

Mai waswasi tunawarsa lafiya lau, yarda da ita ce ba shi da. Zai koma sau 10 ya duba ko ya kulle ƙofa, kuma duk dubawa na ƙara masa shakka. A matsayin shaida ya fi kowa lura, ya kuma fi kowa saurin cewa wataƙila ni ne ban gani daidai ba. Mai ciwon damuwa kan ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Wanda ke cikin zafin ciwon hawa da sauka kuwa, wato mai jujjuyawa tsakanin matsanancin zumuɗi da damuwa, barcinsa kan ragu ƙwarai, tunani na gudu, ga tabbacin da ya wuce hujja. Shi kuma tsoron fita ba ya sa gane-gane ko kaɗan. Wannan ne dalilin da ya sa marubucin labarin matar taga ya ƙara mata giya a kan magani, don a samu ƙofar shakka. Dabarar ta yi aiki, amma ta bar masu karatu da yawa da zaton cewa mai fargaba ma ba a yarda da idonsa.

## Yadda ake gina shi

Littafin irin wannan yakan kai kalma dubu 80 zuwa 90, kuma marubutan da suka iya sukan fara da jadawali biyu kafin babi na ɗaya. Na farko yana ɗauke da abin da ya faru a zahiri, sa'a bayan sa'a, da inda kowane wanda ake zargi yake. Na biyu yana ɗauke da abin da tauraron ya gani, ya ji, ya tuna. Duk inda biyun suka saɓa sai a rubuta dalili a gefe, kuma dalilin dole ya fito daga ciwon ko daga wani mai yaudara. Idan dalilin shi ne kawai don kada mai karatu ya gano da wuri, wurin ya ruɓe.

Sai turaku, wato abubuwan da ke wajen kan tauraron waɗanda ciwo ba zai iya taɓawa ba: rasit, hoto, saƙon banki, tabo a hannu, rubutun wani. A labarin matar taga hoto ne a wayarta, ɗauke da inuwar fuskar matar da aka ce babu ita. A fim ɗin Memento na 2000 hotuna ne da zanen jiki, sai dai can an nuna cewa turken ma ana iya dasa shi da ƙarya, tunda mai rubuta wa kansa takarda yana iya yaudarar wanda zai karanta ta gobe. Kowace babbar hujja da za a warware kisan da ita tana buƙatar aƙalla turke ɗaya, kuma a nuna shi tun kafin a san amfaninsa.

A ɗauki misali. Tsohon maigadi ne da ke jin muryar mahaifinsa da ya rasu. A babi uku na farko an nuna muryar sau huɗu, kullum zagi take, kullum da dare idan ya kwana biyu bai yi barci ba, kuma ba ta taɓa gaya masa abin da bai riga ya sani ba. An kafa doka ke nan. Sai ya ce daren da aka kashe mai shagon kan kwana ya ji wata murya a bayan katanga tana cewa a bar jarkar a nan, daidai lokacin da aka kawo wuta yaran unguwa suka yi ihu. 'Yan sanda suka yi dariya, ɗansa ya ja hannunsa yana cewa Baba mu je gida. Amma mai karatu mai lura yana da abu uku a hannu: muryar ba ta mahaifin ba ce, ta faɗi sabon abu, kuma lokacin kawo wuta duk layin za su iya shaida. Idan daga baya aka tsinci jarkar, babu wanda zai ce an yi masa rufa-ido. Idan kuwa a babi na 30 marubucin ya sa muryar mahaifin ta faɗi sunan makashin, ya karya dokarsa da hannunsa.

Akwai buƙatar mutum na biyu mai cikakkiyar lafiya, 'ya ko maƙwabci ko likita, wanda ta bakinsa ake jin yadda abu ya kasance daga waje. Haɗarinsa shi ne masu karatu sun riga sun koyi zargin duk wanda ya cika kirki. A littattafai da dama na irin wannan salo mai kula da majinyacin shi ne mugun, har abin ya daina ba kowa mamaki.

## Inda ginin ke rushewa

Rushewa mafi muni ita ce a ce a ƙarshe duk a kansa ne, babu gawa babu laifi. Mai karatu ya ɓata sa'o'i yana tara alamu a kan abin da babu. Ta biyu ita ce tauraron ne makashin kuma ciwon ne kaɗai dalili, ba kuɗi ba kishi ba tsoro. Wannan yakan nuna marubucin bai samo dalilin kisan ba ne sai ya ari ciwo ya toshe ramin. Alice LaPlante ta kusanci wannan rami a Turn of Mind na 2011, inda likitar tiyatar hannu mai gigin tsufa ba ta san ko ita ta kashe ƙawarta ba, gawar kuma an yanke mata yatsu 4. Abin da ya riƙe littafin shi ne tsohuwar alaƙar matan biyu da sirrin iyali suna da nauyin da zai ɗauki laifin ko da babu ciwo.

Akwai kuma ciwon da ke zuwa da tafiya yadda marubuci ke so. Matar da ta kasa taka baranda a babi na 5 sai ga ta tana tsere a titi a babi na 40 ba tare da ko bugun zuciya ba. Sai warkewar ƙarshe, inda kama mai laifi ke zama magani. Gigin tsufa ba ya komawa baya, kuma littafin Healey bai yi wannan ƙarya ba: an gano gaskiya, Maud kuma ta ci gaba da mantawa.

## Masu yabo da masu suka

Masu goyon bayan salon na cewa ya mayar da majinyaci daga abin tsoro a bayan ƙofa zuwa mai riƙe da labari. Mai karatu na zama a cikin kansa na sa'o'i, yana ɗanɗana yadda ake ji idan ka faɗi gaskiya aka kalli kwalin maganinka maimakon fuskarka. Suna da hujja daga tarihi. Martha Mitchell, matar tsohon ministan shari'ar Amurka a zamanin shugaba Nixon, ta yi ta faɗin cewa ana aikata ba daidai ba a fadar gwamnati lokacin badaƙalar Watergate ta 1972, aka yi ta yaɗa cewa shaye-shaye ne da taɓuwa. Daga baya maganarta ta tabbata. A 1988 masanin halayyar ɗan Adam Brendan Maher ya sa sunanta ga kuskuren da likita ke yi idan ya ɗauki gaskiyar majinyaci a matsayin ruɗu.

Suna ƙarawa da cewa masu lafiya ma ba na'urar ɗaukar hoto ba ne. A gwajin Elizabeth Loftus da John Palmer na 1974 an nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Bayan mako guda, 16 cikin 50 na waɗanda aka yi wa tambaya da kalma mai nuna mummunan karo suka ce sun ga fasasshen gilashi, a kan 7 cikin 50 na waɗanda aka tambaya da kalma mai sauƙi. Babu gilashin a fim ɗin.

Masu suka, ciki har da likitoci da majinyata, na cewa a mafi yawan littattafan ciwon kayan aiki ne kawai, kamar hazo da ake sakawa a fim. Suna nuni da cewa taurarin galibi mata ne, masu kofin giya a hannu, abin da ke farfaɗo da tsohon zargin cewa maganar mace sai an tace. Babban ƙorafinsu shi ne haɗa ciwon da jini a kowane shafi. Binciken Seena Fazel da Martin Grann na 2006 a Suwidin ya nuna kimanin laifi 1 cikin 20 na tashin hankali ne ake iya dangantawa da masu tsananin larurar. Wani binciken da Linda Teplin ta jagoranta a Chicago, wanda ya fito a 2005, ya gano fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan majinyata an kai musu hari cikin shekara guda, ninki fiye da 11 na sauran jama'a. A wannan ma'auni, littafin da tauraronsa ake cuta ya fi kusa da gaskiya fiye da wanda tauraronsa ke kisa.

Rukuni na uku ba ruwansu da wannan muhawara. Su masoya tsohon wasan ne irin na Knox, kuma tambayarsu ɗaya ce: da na koma na sake karantawa, zan ga alamun a inda suke? A aikace ma'auninsu da na likitocin kan faɗa kan littafi ɗaya, domin marubucin da ya bi dokar ciwon ya riga ya ba mai karatu abin dogaro.

## Abin da ke biyo mai karatu gida

Tasirin da ya fi damun ma'aikatan lafiya shi ne na magani. A labarai da dama tauraron kan zubar da ƙwayoyinsa don kansa ya washe ya iya bincike, sai kuma ya yi nasara. A zahiri dakatar da maganin ciwon jiye-jiye ko na hawa da sauka farat ɗaya na cikin manyan dalilan dawowar ciwo, wasu magungunan fargaba kuma janye su kwatsam na iya jawo farfaɗiya. Nauyin jiki da yawan barcin da ake kuka da su gaskiya ne, gyaransu kuwa rage awo ne ko canza magani a hannun likita.

Ga iyalin da ke jinya, salon na iya jan su ɓangare biyu. Yana iya koya musu su bincika kafin su ce ai ciwon ne, musamman idan tsohuwa ta ce ana ɗaukar mata kuɗi ko ana dukanta. Yana kuma iya sa su ɗauki kowane zargi a matsayin tonon asiri, alhali zargin sata na cikin alamun gigin tsufa da aka fi gani: ta ɓoye kuɗin a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ɗora wa jika. Hanyar da ta rage ita ce ta turke, a duba abin da ke waje da bakin kowa.

Marubucin Hausa da ke son gwada salon zai ci karo da abin da Healey ba ta ci karo da shi ba. A yawancin labaranmu da fina-finanmu taɓuwa kan zo ne ta hanyar sammu ko aljanu ko alhaki, masu karatu kuma a shirye suke su karɓi wannan a matsayin bayani. Mutanen cikin labarin suna iya yarda da hakan, suna iya kai tauraron wajen mai ruƙiyya kafin asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa, domin haka ake yi. Amma idan warwarar kisan ta dogara ga abin da aljani ya faɗa, an fita daga labarin bincike an shiga wani nau'in.

Doka ma ta matsa daga inda jama'a suka tsaya. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Tun kafin nan, sashe na 175 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi cewa larurar ƙwaƙwalwa ba ta hana mutum ba da shaida sai idan ta hana shi fahimtar tambayoyin da ake yi masa da ba da amsa mai ma'ana. Tsohon maigadin da ya ji maganar jarka, in har ya fahimci tambayar lauya ya kuma amsa ta, kotu za ta saurare shi, sannan ta auna maganarsa da lokacin da aka kawo wuta.